Lagos, Legas, Ikko: tarihin wani suna daga bakin tekun Fotugal zuwa ƙasar Magariya

1. Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Magariya ko ta Dungas ya san Legas tun kafin ya san Yamai. Ba lalle ne ya taɓa zuwa ba, a bakin manya yake jin ta. Can ne samari suke tafiya cin rani in an gama girbi, can ne ake kai shanun da ake lodi ran Alhamis a kasuwar Maigatari, can ne kuma, a zamanin gyaɗa, buhunan da iyayenmu suka kai sikeli suke sauka kafin su shiga jirgin ruwa. Saboda haka in muka ce garin nan gida ne na biyu ga mutanenmu da yawa, ba mu yi ƙari ba.

To amma akwai wata Legas ɗin wadda ba a labarinta a tasha. Tana ƙasar Fotugal, a kudu maso yammacin Turai, bakin tekun Atlantika. Rubutun sunan ɗaya ne, baƙi biyar: Lagos. Mun samu damar ziyartar ta, kuma abin da muka gani can shi ya sa muka ɗauki alƙalami. Tambayar da za mu bi ita ce: in gari biyu suka yi tarayya a suna, me sunan yake shaidawa, me kuma ba ya iya shaidawa? Wannan fanni shi ake ce wa toponymie da faransanci, watau nazarin sunayen wurare. Fanni ne mai daɗi amma mai santsi, domin kunne yana saurin ƙulla zumunta inda babu ita.

2. Kama da wane ba ta wane

Bari mu fara daga gida. Sunan Magariya daga itacen magarya ya fito, wanda yara ke tsinkar ƴaƴansa, ake kuma wanke gawa da ganyensa. Ƙauyuka da unguwanni masu wannan suna suna da yawa a ƙasar Hausa, ta Nijar da ta Najeriya, kuma ba wanda ya ɗauko sunan daga wannan ya kai wa wancan. Itace ne ya tsiro nan ya tsiro can, mutane suka zauna gindinsa. Haka Tsamiya da Rimi da Gawo da Kurna suke, haka Kukawa ta Barno. Yarbawa ma suna yin haka: unguwar Idi-Araba ta Legas, inda Hausawa suka daɗe da zama, ma'anarta gindin rimi.

Akwai kuma sunan da mutane suke ɗauka su yi ƙaura da shi. Bayan jihadi, wajen shekara ta 1805, Sarkin Gwari Abdu ya bar birnin Daura, zuriyar sarakunan Hausa na Daura ta watsu, wasu suka kafa Zango, wasu Baure, wasu suka zauna Magariya, dukansu ƙarƙashin inuwar Damagaram. M. G. Smith ya bi wannan labari daki-daki cikin littafinsa a kan Daura na 1978. Sarakunan Zango da na Baure ba su saki sunan Daura ba, sun riƙe shi cikin sarautarsu don ya zama shaida cewa gidansu na asali yana hannun wani. A nan suna hujja ne ta tarihi, don mun san waɗanda suka ɗauke shi, mun san lokaci, mun san dalili. Da wannan ma'auni za mu gwada Lagos da Legas.

3. Lagos ta Fotugal

Daga Lisbon jirgin ƙasa yana yin wajen awa huɗu, da canji a wata ƙaramar tasha mai suna Tunes, wadda ita ma take tarayya da babban birnin Tunisiya a rubutun Fotugal. Lagos ita ce ƙarshen dogo ta wajen yamma. Abu na farko da baƙo zai lura da shi shi ne masu garin ba su cewa Legas, ba su kuma cewa Lagos irin yadda aka koya mana a lakwal. Lagush suke cewa. Gari ne ƙarami, gundumar duka ba ta wuce mutum dubu talatin da ƴan kai ba, watau wata unguwa ɗaya ta Legas ta ninka ta sau da yawa. Fararen gidaje, tsohuwar ganuwa, jiragen kamun kifi, da Turawan arewa masu zuwa shan rana. Kusan duk ginin da ido ke gani bayan 1755 aka yi shi, shekarar da girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka rushe garin, har aka ɗauke masa matsayinsa na hedikwatar jaha.

Jahar sunanta Algarve, daga larabci al-Garb, watau yamma, domin Musulmi sun mulki wannan yanki fiye da shekara ɗari biyar, har tsakiyar ƙarni na 13. Saiwar kalmar ita ce ta magariba tamu, lokacin da rana ke faɗuwa yamma. Ga abin dariya ga mai nazarin harshe: magariba da Algarve, waɗanda ba su yi kama a kunne ba, ƴan uwa ne na jini, amma magariba da Magariya, waɗanda baƙi ɗaya ya raba, ba abin da ya haɗa su. Shi kansa sunan Lagos ana mai da shi ga Lacobriga, sunan wani tsohon gari na wannan wuri tun zamanin Rumawa, sai bakin mutane ya lanƙwasa shi ya yi daidai da kalmar lagos, jam'in lago, watau tabki.

Daga wannan ƙaramar tasha ce jiragen Fotugal suka fara gangarowa gaɓar Afirka. Gil Eanes, mutumin Lagos, shi ya fara wuce tsinin Bojador a 1434, wurin da matuƙan Turai suke tsoro. Shekara goma bayan haka, ran 8 ga watan Agusta 1444, wani mai suna Lançarote ya dawo da jirage shida ɗauke da mutum 235 da aka kama a gaɓar ƙasar da ake kira Muritaniya yau. Aka fito da su fili, bakin ƙofar gari, aka kasa su kashi biyar. Yarima Henri, wanda Turawa suke yi wa laƙabi da Matuƙi, yana bisa doki yana kallo, ya karɓi humusinsa, mutum 46. Marubucin fada Zurara ya bayar da labarin ranar: yadda aka raba mata da miji, aka ɓamɓare ƴaƴa daga jikin uwayensu don kashi ya yi daidai da kashi. Ya ce abin ya taɓa zuciyarsa, sa'an nan ya lallashi kansa da cewa rayukansu sun samu tsira tun da za su shiga addinin Kirista. Wannan lallashi ya yi wa Turai aiki shekara ɗari huɗu.

A dandalin garin akwai wani ɗan bene mai bakan gizo a ƙasa, wanda ake kira kasuwar bayi. Ginin na yanzu na ƙarshen ƙarni na 17 ne, kuma tun 2016 aka mai da shi gidan tarihi. Mun shiga. Ɗakuna ne kaɗan, da taswirori da ƴan kayayyaki cikin gilashi. Da ka fito, ga gunkin Yarima Henri zaune tsakiyar dandali, wanda aka kafa a 1960, yana fuskantar teku.

Abin da ya fi tsaya mana a rai yana bayan ganuwa. A 2009, ana haƙa don gina wurin ajiye motoci a wani wuri mai suna Valle da Gafaria, watau kwarin gidan kutare, sai aka tarar da tsohon jujin gari, cikinsa da ƙasusuwan mutum 158, maza da mata da yara. Masu bincike na jami'ar Coimbra sun nuna cewa ƴan Afirka ne, daga siffar ƙashi, da haƙoran da aka fiƙe irin na al'adun wasu ƙabilu, da gwajin ƙwayoyin gado. An zubar da su ne tsakanin ƙarni na 15 da na 17. Da yawa jefa su aka yi cikin shara, ba a daidaita gawa ba, wasu kuma yadda hannuwansu suke ya nuna a ɗaure suka mutu. An gama ginin wurin motocin, aka yi filin wasan ƙwallon gora na nishaɗi a samansa. Mun tsaya can muna kallon iyalai suna wasa, mu da muka fito garin da aka sa wa sunan itacen wankan gawa.

Sai dai mu yi hattara, kada juyayi ya ja mu ga abin da tarihi bai faɗa ba. Mutanen 1444 ba Hausawa ba ne. Yawancinsu Sanhaja ne masu kamun kifi a gaɓar Sahara, tare da wasu baƙaƙe. A lokacin ko Muhammadu Rumfa bai hau gadon Kano ba, sai 1463. Ƙasar Hausa fuskarta tana arewa, wajen Agadas da Gat da Tarabulus, teku kuwa tana bayan kurmi, nesa ƙwarai. Sai bayan shekara ɗari uku da hamsin hanyarmu ta haɗu da ta jiragen nan, kuma ba a Lagos ta Fotugal suka haɗu ba.

4. Yadda sunan ya ƙetare teku

A wajen 1472 matuƙan Fotugal suka iso gaɓar da Legas take a yau. Suka ga babban tabki yana bin bayan gaɓa, da wata ƴar kafa inda yake zuba cikin teku. Suka sa wa tabkin Lago de Curamo, kafar kuma taswirori suka riƙa kiran ta kogin Lago ko kogin Lagos. Daga nan bayani ya rabu biyu. Wasu suna cewa don tunawa da garinsu suka sa sunan, tun da matuƙa da yawa daga can suka fito. Wasu suna cewa abin da suka gani kawai suka faɗa: ga tabkuna, suka ce tabkuna.

A ganinmu bayani na biyu ya fi ƙarfi, kuma hujjarmu ta nahawu ce. Sunan farko tilo ne, lago, kuma ruwa aka sa wa, ba gari ba. Mai son tunawa da garinsu gari yake neman ya sa wa sunan, kuma yakan ƙara masa sabo, kamar yadda aka yi da Porto-Novo ta Benin. Bugu da ƙari, ƴan kasuwar Fotugal da na Barazil, lokacin da suka zo suna cinikin gaske da garin a ƙarni na 18 da na 19, Onim suke rubutawa cikin takardunsu. Da sunan garinsu ne suka dasa, da ba su bar shi ba. Ingilishi ne suka ɗauke sunan ruwa daga taswira suka liƙa wa gari, ya kuma kafu bayan sun yi wa garin ruwan igwa a Disamba 1851, suka kori Sarki Kosoko, sa'an nan suka karɓe shi daga hannun Sarki Dosunmu a Agusta 1861. Ashe Lagos da Legas irin Magariya da Magariya ne: ruwa ya kwanta nan, ya kwanta can. In akwai zumunta tsakanin garuruwan biyu, ba a suna take ba, a sana'a take. Ɗaya ta buɗe cinikin bayi ta teku, ɗaya kuma tana cikin tashoshin da suka rufe shi.

5. Ikko

Masu garin ba su taɓa barin nasu suna ba: Eko. Wasu suna mai da shi ga kalmar mutanen Bini mai nufin sansanin yaƙi, tun da sarkin Bini ya mallaki tsibirin, wasu kuma ga kalmar yarbanci oko, watau gona. Wannan suna ne Hausawa suka ara, suka ce Ikko. Wasalin farko ya koma i, k ta ninku, kalmar ta zauna bisa tsarin da bakin Bahaushe ya saba da shi.

Wannan ƴar kalma tana da nauyi, domin tana gaya mana ta wace ƙofa muka shiga garin. Wanda ya zo ta teku ya ga ruwa, ya ce Lagos. Wanda ya zo ta tudu ya ji sunan a bakin Yarbawa tun yana kan hanya, ya ce Ikko. Kakanninmu ta bayan gari suka shigo, da ƙafa. Wasu fatake ne masu kanwa da fata da tufafi. Wasu kuwa, kuma su ne masu yawa a farkon ƙarni na 19, da igiya a wuya suka iso.

Yaƙe-yaƙen da suka fara a 1804 sun cika kasuwanni da kamammu, na wannan ɓangare da na wancan. Aka riƙa gangarawa da su ta Nufe da ƙasar Yarbawa, ana sayarwa hannu zuwa hannu. Daular Oyo kanta ta fara rushewa bayan tawayen Ilori na 1817, wanda bayi Hausawa suka shiga da yawa, sai kamammu suka ƙaru. A wannan zamani ne Ikko ta zama babbar tashar bayi ta wannan gaɓa, kuma mafi yawan jiragenta Bahiya suke nufa, a ƙasar Barazil, inda ake magana da harshen Fotugal. Pierre Verger ya tattara takardun wannan zirga-zirga cikin babban littafinsa na 1968. A Bahiya, takardun hukuma sun ambaci Hausawa da sunansu: su ne suka shirya tawayen da aka tona a 1807, su ne kan gaba a na 1809 da na 1814. A babban tawayen Musulmi na Janairu 1835, cikin watan azumi, Yarbawa suka fi yawa, amma akwai Hausawa, kuma an samu layu da rubutun larabci a jikin waɗanda aka kashe.

Wani jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da bayi Hausawa ya yi musu tambayoyi, ya buga abin da ya ji a 1851. Shi abin da ya dame shi wata tatsuniya ce ta mutane masu wutsiya a tsakiyar Afirka, abin da ba ya buƙatar sharhi. Amma cikin amsa masa, mutanen nan suka lissafa garuruwansu, Kano da Katsina da Zazzau, suka faɗi yadda aka kama su da zangunan da aka bi da su har bakin ruwa. Littafin banza ne mai ɗauke da shaida mai tsada.

Ina ƙasarmu a cikin wannan? Ba za mu ɓoye ba: Damagaram daula ce da ta ci riba da bayi, musamman zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Ƙasashen kudancinta, da na Daura da na Sosebaki, watau Dungas da Washa da Mirya, sun sha hari, sun kuma kai hari. André Salifou ya yi bayanin wannan cikin nazarinsa a kan Damagaram na 1971. Sai dai yawancin waɗanda aka kama a wajenmu arewa aka yi da su, ko gabas. Misalin da kowa ya sani shi ne Dorugu, ɗan ƙasar Kance, wanda aka kama yana yaro aka kai Kukawa, daga baya ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, kuma daga bakinsa Schön ya rubuta hausar da Turawa suka daɗe suna koyo da ita. Hanyar Ikko ta fi cin mutanen Zazzau da Kano da Katsina. Amma wanda ya san yadda Daura ta watse a shekarun nan ya san kasuwa ba ta tambayar bawa garinsu.

Bayan 1861 sai ma'anar Ikko ta juya. Bayin da suka gudu daga iyayen gijinsu a ƙasar Yarbawa suka riƙa fakewa can. Daga cikinsu ne John Glover ya kafa wata ƙaramar runduna a 1863, wadda aka sani da Hausawan Glover, kuma sojan Najeriya har yau daga nan suke ƙirga asalinsu. Jikokin wannan runduna su ne Ingilishi suka zo da su suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Goron Gwanja, wanda dā ake ɗaukowa bisa jakai wata da watanni, ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko. Dogo ya iso Kano a 1911. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta bar Magariya da Dungas a hannun Faransa, Zango da Baure a hannun Ingila, amma gyaɗar gabashin Nijar ba ta da wata hanya mai sauƙi zuwa teku sai ta Kano da Ikko. Tafiyar da kakanni suka yi wata uku a ɗaure, jikoki suka riƙa yin ta kwana uku da kuɗin motarsu.

Da dogo da rediyo ne sunan na uku ya shigo. Legas ba daga bakin Fotugal muka ji shi ba, ba kuma daga Faransawa ba, ko da yake su suka mulke mu. Wasalin e na gaɓar farko lafazin Ingilishi ne. Wasalin a na gaɓa ta biyu kuwa namu ne: hausa ba ta barin gajeren o cikin rufaffiyar gaɓa, takan mai da shi a, kamar yadda ta yi a kalmar bam. Saboda haka ɗan Dungas da bai taɓa shiga aji ba yana cewa Legas, ƙanensa da ya yi lakwal yana cewa Lagos in yana faransanci, kakarsu kuma tana cewa Ikko, kuma kowane lafazi yana nuna bakin da aka karɓo shi.

Mu mutanen jahar nan mun san irin wannan zama na suna biyu. Takardun gwamnati suna cewa Zinder, mu muna cewa Damagaram, ba kuma wanda ya ɓata hanya. Sai dai Damagaram tana nan da ƙarfinta a bakin yara, Ikko kuwa tana ja da baya. A tashar Magariya Legas ƴan kamasho suke kira. Gidajen rediyo na hausa, na gida da na waje, Legas suka fi faɗa. Da muka tambayi ɗalibanmu ƴan shekarar farko ko sun san Ikko, waɗanda suka sani sun ce a bakin tsofaffi suka ji, wata kuma ta ce ta ɗauka sunan atamfa ne.